Rabin Goro a Jakar Gwanjo

Da burgamina na farauta ya yage, sai na sayo jakar goyo ta gwanjo a kasuwar Garwa. Matata Mairamu ta ce in bari a yi mata hayaƙi tukuna, tunda ba mu san mai ita ba. Na ce ni mahauci ne, kullum cikin jini nake, jaka ba ta isa ta ba ni tsoro ba. Na zazzage ta kaf, kowane aljihu na zura hannu, babu komai. Na zuba harsashi, wuƙa, gorar ruwa da kilishi, na shiga dajin bayan Tcholliré.

Dab da magariba ina dawowa da zabbi biyu, sai tsuntsaye suka yi tsit. Wani dogon tsoho na zaune a kan suri yana tauna. Iska na kaɗa ciyawa, amma rigarsa ko motsi.

"Sannu, maharbi," ya ce, murya kamar daga cikin rijiya. "Igiyar hagu tana cin kafaɗa, ko? Haka take yi mini."

"Saye na yi, Baba. Ko kai wane ne, ba zan sauke ta ba."

"Riƙe abarka. Ragowar gorona kawai za ka miƙo mini, yana ƙaramin aljihun ciki."

Na ja tsaki, na zuge aljihun don in ƙaryata shi. Yatsuna suka taɓo rabin goro mai shatin haƙori, jiƙe da yawu, da ɗuminsa.