Wutar Bindiga da Wutar Inji

A wani ƙauye can bayan dutse, an yi wani maharbi mai zafin zuciya, sunansa Jatau. Wata rana bijimin maƙwabcinsa ya cinye masa dawa. Jatau ya ɗura wa bindigarsa albarushi, ya fita neman bijimin yana huci.

A hanya ya bi ta wajen Inna Tabawa mai injin niƙa. Ta dubi idonsa, ta dubi bindigar, ta ce, "Ɗan nan, taɓa injin nan."

Ya taɓa, ya janye hannu. "Inna, wuta ce a ciki?"

"Wuta ce irin ta bindigarka. Taka sau ɗaya take tashi, abin da ta tura kuma ba ya dawowa. Tawa a kulle take, tana tashi kaɗan-kaɗan, tana tura ƙarfe, mutane suna samun tuwo."

Jatau ya jingine bindiga, ya ɗauki gatari. Ya sari itace, ya kafa, ya sara, ya kafa, har ya kewaye gonarsa da shinge.

Da yamma maƙwabcin ya zo ba da haƙuri. Jatau ya nemi fushinsa ya rasa. Duk ya ƙare a shinge.