Jan Tsumma a Kan Sitiyari

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis: wata akori-kura ɗauke da rodi ta kife a gangaren bayan gari, direban ko shurawa bai yi ba.

Sufeto ya tarar da motar ƙafafu sama, rodin ya watse a titi, wani jan tsumma na lilo a bakin ɗauri ɗaya, irin wanda ake ƙulla wa dogon kaya don na baya su gani. Tayoyin baya sun ja baƙin layi a kwalta, alamar ƙamewa suka yi ana cikin tafiya.

Ya hau ya duba tukunyar giyar motar, wadda ke tsakanin ƙafafun baya. Murfin ya sha sabon gam, ko ɗigo babu. Saje ya kwance toshin da ake zuba mai, Sufeto ya zura yatsa. Ya fito a bushe, sai ƙaurin ƙarfe.

Mai motar, wani dillalin kayan gini mai yawan share zufa, ya ce jiya ya kai ta a canza man giya, yau da safe makanikin ya ce an gama, direban ya je ya ɗauko ta, shi kuwa yau ko ƙofar garejin bai taka ba.

Makanikin dattijo ne da ake kira Baba Sifana. Da Saje ya faɗa masa laifin da ake zarginsa, sai kawai ya miƙa hannuwa. Mamacin mijin 'yarsa ne. 'Yar tana tsaye a bakin garejin, ta ƙi ko kallon inda uban yake. Wannan ya fi gawar tsaya wa Sufeto a rai, shi ma uban 'ya mace ne.

"Ka zuba man?" in ji Sufeto.

"Ban zuba ba, ranka ya daɗe."

"Don me?"

"Gam sai ya kwana ya bushe. In an zuba da ɗanyensa, yoyo zai yi."

Ya zayyana aikin kamar mai karanta wa kansa hukunci: ya kwance notuna, ya tsiyaye tsohon mai, ya kankare bakin murfin, ya shafa gam, ya ɗaure. Ya ce duk motar da ya bari babu mai, yakan ƙulla mata jan tsumma a sitiyari, kuma abokan cinikinsa kaf sun sani. Da ya zo da safe bai ga motar ba. Yanzu kam shi kansa ya fara shakkar ko tsufa ya sa ya manta.

Sufeto ya zagaya garejin. Galan na man giya na ajiye inda motar ta kwana, ba a fasa bakinsa ba. Can gefe ga wata mota da aka cire wa inji, sitiyarinta ɗaure da jan ƙyalle. A ƙusa kuma ga wata tsohuwar rigar aiki ja, an yayyanke ta har ta kusa ƙarewa.

Ya tambayi 'yar ko mijinta ya san da maganar tsumman. Ba ta ɗago ba. Ta ce ya sani sarai, har zolayar Baba yake yi, wai motocinsa sun fi shi yin ado.

Sufeto ya jima yana juya wannan a ransa. Mutumin da ya san alamar ba zai tayar da motar yana kallonta ba. Ke nan wani ya riga shi shiga.

Ya sa Saje ya koma gangaren ya kwanto tsumman da ke jikin rodin. Ga maɓallin rigar aiki a gefensa, ga warin man giya, wanda sabulu ma kan sha wuya da shi.

A shagon kayan ginin dillalin, leburan da suka yi lodi suka ce maigida ne ya zo da motar da kansa da sassafe, da makullinsa na ajiya. Da aka nemi abin ƙulla wa rodi, daga aljihunsa ya ciro.

Sufeto ya shimfiɗa tsumman a kan teburin dillalin.

"Ka ce ba ka taka garejin ba."

"Tsumma ai ko'ina akwai shi."

"Har da maɓallin rigar Baba Sifana? Ka san abin da yake nufi a sitiyari?"

Zufar ta ƙi sharuwa. Ya zauna a hankali, ya ce ya sani. Masu gini sun dame shi da waya, kuma ya san in direban ya ga alamar ba zai tuƙa ba.

"Na ɗauka ɗan man da ya rage a jikin ƙarfen zai kai shi ya dawo. Wallahi ba nisa ba ne."

Sufeto bai ji daɗin da yakan ji in ya kama mai laifi ba. Baƙin ciki ya ji, don da an yi haƙurin rabin safiya, da yanzu kowa na gidansa.

Saje ya sa wa dillalin ankwa, suka wuce da shi caji ofis. A kan bencin bakin kanta Baba Sifana na zaune, an sake shi amma ya kasa tashi. 'Yarsa ta bi dillalin da kallo har aka shige da shi. Sannan ta matso ta durƙusa a gaban uban, ta riƙe hannunsa mai baƙin mai.

"Baba," ta ce, "tashi mu tafi gida."