Kwandon Gilashi Mai Jatan Lande Ɗaya

Wani dare Nong Pilo, masunci a tsibirin Cebu, ya jawo soson gilashi daga ƙasan teku, fari, saƙaƙƙe kamar kwando, bakinsa a toshe. Jatan lande biyu kan shiga irinsa suna ƙanana, su girma, fita ta gagara. Wannan kuwa, jatan lande ɗaya ne kawai a ciki. Masunta kan mayar da mai ɗaya, amma Pilo ya ƙi, don masu bincike na nema.

Ya waiga, sai ga mace zaune a kwalekwalensa.

"Inday," ya ce, yadda ake kiran budurwa a Cebu, "ta ina kika hau?"

"Ka daɗe, Manong," ta ce, wato yaya a yarensu, murya kamar daga cikin tulu. "Kaɗaici ya ishe ni."

Ya miƙa hannu ga filafili, ya taɓo gilashi mai sanyi. Ya ɗaga kai. Ta ƙananan ramukan kwandon da ya kewaye shi yake hango taurari.