Gwadabe, Karen da Ya Buɗe Ƙofa

Wata ranar Talata cikin damina Mannir ya shiga wani shagon buga takardu kusa da Ƙofar Soro, kafaɗunsa a jiƙe, filashin ajiye aikin kwamfuta a hannu. Shafi ashirin ya kawo na wani labarin zane da ya shekara yana yi. Dabbobi ne a ciki, amma da ƙafa biyu suke tafiya, suna sa riga da hula, suna cin kasuwa. Garin na tumaki ne, dajin na kuraye. Mai gadin ƙofar garin kuma wani tsohon kare ne mai malafa, Gwadabe, wanda wata rana ya zare wa kuraye sakata.

Yarinyar da ke kan kwamfuta, Ummusalma, ba ta saba karanta aikin mutane ba. Wannan ta karanta, shafi na fita tana ɗauka.

"Malam, kai ka zana?"

"Ni ne."

"Hannunka yana da kyau. Amma tsoron tsohon nan kake ji."

Mannir ya dube ta. "Kamar yaya?"

"Kowane shafi sai ka nema masa uzuri. Nan yunwa, nan barazana, nan ciwon ido. Wanda ya buɗe ƙofa aka cinye maƙwabtansa ba lauya yake buƙata ba. Ka bar shi ya yi laifinsa, mu kuma mu ji tausayinsa in mun ga dama."

Ya karɓi takardunsa ya fita, ko godiya bai yi ba. Bayan kwana uku ya dawo da shafi biyu da ba ya buƙatar bugawa.

Daga nan saƙonnin waya suka fara, yana kiranta Edita, tana kiransa Mai Zane.

"Edita, na cire ciwon idon. Kin gamsu?"

"Saura yunwar, Mai Zane. Ka ci abinci kuwa, ko kai ma uzurin za ka kawo?"

"Ban ci ba. Tunanin wata ya cika min ciki."

"Allah ya ba ta haƙuri. Je ka ci tuwo."

Wata huɗu suka yi a haka. Yana zanen allunan shaguna a bakin Babbar Kasuwa, in ya tashi bayan la'asar sai ya biya unguwarsu, su zauna a zaure ita kan tabarma shi kan benci. Ta san mahaifiyarsa, Inna Hure, ba ta fita ko'ina. Ta san sun baro wani ƙauye a yammacin jihar shekara biyar da suka wuce, kuma mahaifinsa ya rasu a hannun 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya rage ne bai faɗa ba.

Abin da ya rage shi ya hana shi turo magabata. A gidan mahaifinta Alhaji Zubair, tsohon ma'aikacin gwamnati, ba a ba da 'ya sai an yi bincike har garin da aka binne cibiyar mutum. Mannir ya san abin da mai binciken zai jiyo.

"Mai Zane," ta ce masa wata rana, idonta a kan tabarma, "Yazid ya turo. Ɗan ƙanwar Baba ne, yana aiki a sakatariya. Baba ya ce in akwai wanda nake so, ya fito. Me zan ce masa?"

"Ki ba ni lokaci, Salmata."

"Lokacin me? In wasa ka zo yi, ka faɗa min tun ina iya haɗiyewa."

"Wallahi ba wasa ba ne."

"To mene ne?"

Ya kawar da kansa gefe, sai ga kiran magariba. Ta naɗe tabarmarta ta shiga gida.

Yazid ya riga kowa yin binciken. Bai sha wahala ba, domin 'yan ƙauyen da suka yi gudun hijira suna nan birjik a tasha. Cikin mako guda magana ta isa kunnen Alhaji Zubair, aka ce kada Mannir ya sake taka zauren. Da hantsi saƙonta ya shigo.

"An ce mahaifinka ne yake kai wa 'yan bindiga rahoto. Yazid ya ce bindiga suka ɗora masa a ka, ba shi da zaɓi. Haka ne? In haka ne zan tsaya a gaban Baba. Ko shi ya ce wanda aka tilasta ba a kama shi da laifi."

Mannir ya karanta sau uku a tsaye, buroshin fenti yana ɗiga a kan takalminsa. Abokin hamayyarsa, ba da niyya ba, ya miƙo masa hanyar tsira. Kalma ɗaya kawai zai rubuta.

Bai rubuta ba. Ya koma gida, ya wuce Inna Hure tana tsince shinkafa, ya zauna ya zana shafi shida a kwana biyu. A cikinsu babu wanda ya tsare Gwadabe da makami. Akwai wani rago maƙwabcinsa da suka yi shari'ar iyakar gona, alƙali ya ba ragon gaskiya, garin ya yi dariya. Gwadabe ya riƙe dariyar a ransa shekara bakwai. Da ƙafarsa ya tafi daji, da yatsarsa ya nuna gidan. Ya zaci gida ɗaya za a shiga. Aka shiga goma sha ɗaya. Da kurayen suka gama da shi, suka bar gawarsa a bakin rafi. A shafin ƙarshe Mannir ya zana shi tun kafin wannan duka, yana ɗauke da ɗansa a wuya suna tsallaka ruwa, yana yi masa waƙa don kada ya ji tsoro. Wannan ma ya faru.

Ya ɗauki hoton shafukan ya tura mata, ya rubuta a ƙasa: "Ba a tilasta shi ba. Ubana ne, kuma ina son sa. Ki yafe min shirun da na yi."

Kwana tara ba ta amsa ba. Ya je aiki ya dawo, ya rubuta sunayen shagunan mutane, ya rame. A rana ta goma ta rubuto:

"Na yi kuka, na yi fushi, na gama. Ban nuna wa kowa ba. Baba ya ce ka zo Asabar da safe da babbanka. Abin da za ka faɗa masa ya rage naka."

Ƙanen mahaifinsa, Baffa Iro, shi ya raka shi. A hanya tsohon ya riƙe masa hannu.

"Ɗana, tunda sun ce tilas ce, bar shi a tilas. Wanda ya mutu ya mutu. Rufin asiri ma ibada ne."

Mannir ya gyara riƙon shafukan, suka ci gaba da tafiya.

Alhaji Zubair ya karɓe su a falonsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da ruwan bana. Mannir, a durƙushe, ya miƙa shafukan. Alhajin ya ture su gefe da bayan hannu.

"Ni ban kallon dabba da hula. Kana da baki. An ce mani tilasta mahaifinka aka yi. Mi za ka ce?"

Baffa Iro ya yi gyaran murya. Mannir ya kalli kafet.

"Baba, ba a tilasta shi ba. Gaba ce tsakaninsa da maƙwabcinmu a kan gona. Shi ya je ya same su. Mutum tara suka mutu, har da yara biyu da na sani da sunansu."

"Ka san wannan maganar na iya hana ka ɗiyata?"

"Na sani, Baba."

"To mi ya sa ka faɗa?"

"In na shiga gidanka da ƙarya, kullum sai na yi gadinta. Na ga inda riƙo a ciki ya kai mutum."

Alhajin ya daɗe yana jan carbi. A tsakar gida wani yana daka.

"Na aika ƙauyenku tun makon jiya," ya ce. "Ba Yazid na aika ba, mutumina na aika. Abin da ka faɗa shi ya kawo mani, har adadin. Da ka ce tilas ce, da mun sha ruwa mun yi sallama cikin mutunci, shi ke nan." Ya juya ga Baffa Iro. "Malam Iro, ban ce abin ya yi mani daɗi ba. Jikokina za su ɗauki wanga suna, kuma garin nan ba ya mantuwa. Amma laifin wani ba ya hawa kan wani, haka aka karantar da mu. Ku turo."

Baffa Iro ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Ba a yi babban biki ba. Mahaifiyar Yazid ba ta zo ba, wasu dangin ma suka aiko da uzuri. Ana saura kwana ɗaya Ummusalma ta rubuto:

"Mai Zane, gwaggona ta ce na zaɓi wahala."

"Ta faɗi gaskiya, Salmata."

"Na sani. Ka zo da wuri, kada ka sa wahalar jira."

An ɗaura auren ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya a ƙofar gidan Alhaji Zubair, mutane ba su cika rumfa biyu ba. A cikin gida Inna Hure ta zauna a cikin mata, karo na farko a shekara biyar, mahaifiyar amarya ta jawo ta kusa da ita ta sa mata kwano a gaba.

Da liman ya gama, Alhaji Zubair ya karɓi addu'ar da kansa. Ya roƙa wa ma'auratan zaman lafiya da zuriya mai albarka da arzikin faɗa wa juna gaskiya. Sannan ya ce a karanta Fatiha ga mamatan gidajen biyu, da na ƙauyen da ango ya fito, bai ware kowa ba.

Mannir ya ɗaga hannuwansa. Shekara biyar yana wannan roƙon shi kaɗai, ƙasa-ƙasa. Yau mutane suka ce amin.