Mai Haƙa Kabari Yana Neman Aure

"Na ce kada ya ƙara taka min ƙofar gida! Da wane yare kike so in faɗa miki?"

"Baba, me ya yi maka? Faɗa min laifinsa guda ɗaya."

"Kin san abin da ya yi."

Pu Khuma ke nan da 'yarsa Zuali. A garinmu dattijo Pu ake ce masa, dattijuwa kuma Pi. Ni kuwa, Pi Dari, ina madafina ina tsinkar ganyen kabewa. Kada wani ya ce laɓe na yi. Gidajenmu a jingine suke da juna a gefen tudu, bangon kuma na gora ne, ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. Na dai matsar da kujerata kaɗan, shi ke nan.

Laifin Sangkima kuwa, shi ya haƙa kabarin matar Khuma.

Da matar tasa, Pi Thangi, ta rasu a tsakiyar damina, aka yi shela a lasifika, samarin unguwa suka ɗauki diga da shebur suka hau maƙabarta, 'yan mata suka bi su da shayi. Zuali ba ta da aiki a can, gidan makoki ne wurinta, amma ta ce sai ta ga inda uwarta za ta kwanta. Ta tarar wurin duk dutse ne. Samari suna karɓa-karɓa, ɗaya ya ƙi fitowa daga ramin. Sangkima ne, kafintan da ke gangaren makaranta. Ta miƙa masa kofi, sai ta ga tafinsa ya fashe.

"Ka fito ka huta mana."

"Wajen kai bai yi sumul ba tukuna," ya ce. "Ba na so ta kwanta a kan tsini."

Ban gani da idona ba, amma mata uku suka ba ni labari, kuma biyu daga cikinsu ba sa ƙarya sosai.

Bayan an share makoki ya fara zuwa hira da yamma. Ba mai surutu ba ne. Ya gyara ƙafar benci, ya gyara marfin tukunya, har Zuali ta ce, "Kima, ni ka zo gani ko kayan gidan?" Ya ce, "Zualte, idan hannuna ba ya aiki bakina rawa yake yi."

Amma Khuma ya riga ya sauya. Mutumin da yake kaɗa ganga a coci tun ina da haƙorana duka, ya daina zuwa. Ya yi azumi a kan matarsa, ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, ta tafi. Sai ya rufe ƙofarsa. Kowace mace a nan in za ta ɗora shinkafa, safe da yamma, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a gwangwanin Ubangiji, ni ce kuma mai zagawa in tattara na layinmu. Khuma ya tsaya a gabana ya ce, "Wanda ya ɗauke min mata ba zai ci shinkafata ba."

Zuali ta ci gaba da zubawa a ɓoye, tana miƙo min ta taga.

Ana haka Tluanga ya bayyana, ɗan mai kanti daga birnin Aizawl, da babur ja da turare mai sa atishawa. Khuma ya karɓe shi hannu biyu, don shi dai bai ga jana'izar ba. Yarinyar kirki kuwa ba ta korar mai zuwa hira, dole ta ba shi shayi da mazarƙwaila. Sangkima ya ga babur a ƙofa sau da yawa, ya ɗauke ƙafa. Zuali ta rame. Rannan ta shigo min tana kuka, ta karanta min saƙon da ta aika wa Sangkima a waya.

"Kima, shayi kawai nake ba shi, kuma wanda ya huce. Kai ma za ka rufe min ƙofa ne irin na Baba?"

Amsarsa ta zo muna zaune.

"Zualte tawa, ki yafe min, kishi ne. Zan aiko manya. Kada ki yi faɗa da Baba, ciwo yake ji. Ko ya ba ni ke ko bai ba ni ba, ranar da aka yi shelar rasuwarsa ni zan fara hawa da diga."

Ta ce kada in faɗa wa kowa. Na ce mata to.

Manyan da aka aiko, kawun Sangkima ne Pu Siama, dattijon coci, sai ni, don babu wanda ya yarda ya raka shi. Muka tarar da Khuma yana fere gora. Zuali ta kawo shayi ta koma bayan labule. Siama ya fara da Allah mai aminci ne, bai kai ƙarshen maganar ba Khuma ya jefar da wuƙa.

"Mai aminci? Siama, kun cika min gida da waƙa kuna faɗin haka, ita kuma tana kwance a akwati. Na roƙe shi. Ban taɓa roƙonsa abu kamar wannan ba. Ina amincin?"

Siama mai karatu ne, ya fara laluben aya. Ni aji biyu na yi aka cire ni.

"Khuma," na ce, "ni ma na binne miji, na binne ɗa. Ban ga Ubangiji ya sauko da ƙafarsa ba. Abin da na gani, wasu sun kawo itace, wasu sun kwana a tsakar ɗakina, wata ta ɗura min ruwan shinkafa a baki. Ni dai ta haka ya zo min. Kai ma ya aiko maka yaro ya fasa hannunsa a dutse, ka ce ba ka son ganin hannun."

"Na gama da shi, Dari. Na gama da ku duka."

"To wa yake zuba shinkafar safe? Zuali tana fita makaranta tun kafin a hura wuta, da yamma kaɗai take girki. Amma gwangwanin gidan nan ya fi na kowa nauyi a layi. Hannun ƙato ne."

Labule ya motsa. Khuma ya sunkuyar da kai.

"Gwangwanin Thangi ne," ya ce a hankali. "Ba na iya ganinsa a bushe." Ya goge fuska da hannun riga. "Yaron bai yi min komai ba. Idan na kalle shi, ramin nake gani, shi ke nan."

Nan na kwashe saƙon Sangkima kaf na faɗa masa, har da maganar diga. Zuali ta yi ƙara daga bayan labule, "Pi Dari!"

"Ka ji ɗan banza!" in ji Khuma. "Ban mutu ba har ya wasa diga?"

"Ai zai haƙa, kuma zai yi sumul," na ce. "Hanya ɗaya ce ta hana shi. Dangi ba sa haƙa wa nasu kabari, aikin maƙwabta ne. In ba ka son hannunsa a naka, ka mai da shi ɗa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Khuma, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ya kira 'yarsa. Ta fito ta durƙusa.

"Kina son sa, Mami?"

"Ina son sa, Baba."

Ya ɗora mata hannu a ka.

"Bayan girbi. A coci. Ni zan kaɗa gangar, kada a ba wa yaron nan da suka sa a madadina yana ɓata ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Ubangiji ya riƙe ku. Ya bar ku tare fiye da yadda ya bar mu."

Siama ya ce amin. Ni ma na ce amin, na ƙara da cewa bari in leƙa in gaya wa matan layi.

"Zauna nan, uwar gulma!" Khuma ya miƙe ya zari lemarsa. "Wannan karon ba ke za ki fara kai labari ba. Thangi ce za ta fara ji, kuma daga bakina."

Ya fita ya bugo ƙofa, har kofuna suka yi ƙara a kan tire.