"For Sure" Ɗin Tawfiƙ

Tsakar gidan Malam Na'Allah ta cika da buhuna da ƙullin kaya, har babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma sai gindin darbejiya. Shekarar da aka ce mutanen unguwar Zongo su tashi ce, za a yi sababbin gine-gine a tsakiyar Wagadugu, kowane gida ka leƙa haɗa kaya ake yi. Malam ya samu ɗakuna uku a unguwar Tanghin wurin wani tsohon ɗalibinsa, abin da ya rage kawai shi ne motar kwasar kaya.

Zakiyya, 'yarsa ta uku, tana cikin ɗaki tana naɗe kwanonin mahaifiyarta Hajjo da tsofaffin zannuwa lokacin da ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ba sai an faɗa mata ba, ta san Tawfiƙ ne. Wata biyu ke nan da danginsa suka kawo goron tambaya, aka bar maganar biki sai ta gama jarrabawarta ta ƙarshe a lise, wato sakandare. Direban babbar mota ne, wato kamiyo, a wurin wani mai motoci da suke kira patron. Tun da rikicin Kodebuwa ya toshe hanyar Abijan, motocinsu suka koma ɗauko kaya daga Tema ta ƙasar Gana, kuma daga can ya dawo da sabon agogo da 'yan kalmomin Turanci a baki.

Ta laɓe bayan labule tana jin su. Tawfiƙ ya durƙusa ya gaida Malam, aka taɓa zancen tashi.

"Maƙwabcinmu Alhaji Aliyu Sani ya ce ranar Laraba motarsa za ta kwashe nasa, in ina so a haɗa da namu," in ji Malam.

"Haba Baba Malam, ina nan a nemi motar wani? Alhamis da safe zan kawo kamiyon patron ɗina, sawu ɗaya mu kwashe komai har kwanon rufi."

"Ka tabbata, Tawfiƙ?"

"For sure, Baba Malam. For sure."

Bayan ya tafi Malam ya kira ta. Ta zo ta durƙusa kanta a ƙasa.

"Ke da kike karanta Turanci a makaranta, mene ne wannan abin da yaron nan ya faɗa har sau biyu?"

"Baba, ma'anarsa tabbas. Babu shakka, babu kokwanto. Idan Bature ya ce for sure, to ya gama magana ke nan."

"Wato yaƙini," in ji Malam, yana gyaɗa kai. "Kalma ce mai nauyi. Yaro bai ɗauko ta banza ba."

Abin da Zakiyya ta faɗa gaskiya ne, haka yake a littafi. Amma ta san yadda kalmar take a bakin Tawfiƙ. Da ita ya ce ƙungiyar ƙwallonsu za ta ci wasa, aka lallasa su. Da ita ya yi mata alkawarin ƙamus daga Tema, ya je ya dawo sau uku hannu rabbana. Shi da abokansa direbobi haka suke jefa ta kamar yadda ake cewa "to", ko shayi aka ce za ka sha sai ka ji for sure. Sai dai ta ga yadda fuskar Malam ta saki, ta ji daɗin a ce wanda take so ya burge mahaifinta, ta haɗiye sauran maganar.

Washegari Malam ya taka da kansa ya yi wa Alhaji Aliyu Sani godiya, ya ce ya riga ya karɓi alkawarin wani.

Ranar Alhamis tun da hantsi kafintoci suka hau sama suka ɓalle kwanon rufi da ƙofofi, aka jera su a ƙofar gida. Kafin rana ta yi zafi gidan da aka haifi Zakiyya ya zama kango, kaya duk a fili. Maƙwabta na dama da na hagu sun riga sun tashi, nasu gidajen ma babu rufi. Aka zauna jira. Duk motar da ta yi ƙara a kan titi sai Zakiyya ta miƙe ta leƙa, ta dawo ta zauna ba ta kalli kowa ba. Aka yi azahar. Hajjo ta dama fura aka sha a tsaye. Gwaggo Dela, yayar Malam wadda ta zo taya su, ta fara tsaki ƙasa-ƙasa.

Dab da la'asar hadari ya taso daga gabas, irin na ƙarshen damina mai zuwa ba sallama. Tamfol ɗaya ne a gidan, aka ja shi kan buhunan hatsi da akwatin Alƙur'anai. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sai a lokacin Malam ya tuna da kwali biyu da ke jikin bango, waɗanda ke ɗauke da littattafan da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa tun a garin Dosso, warƙa-warƙa, da tawadar gida. Zakiyya ta ga tsohon ya ruga, santsi ya kusa kayar da shi, ya kifa cikinsa a kan kwalayen ya baza babbar rigarsa ya rufe su. Ruwa na dukan bayansa, hularsa ta faɗi cikin taɓo, bai motsa ba. Ta ruga ta kifa kusa da shi tana kuka, amma ruwan da ke malala ta ƙasa ya riga ya shiga.

Masu amalanken jaki ne suka kwashe su bayan an ɗauke ruwa, sawu huɗu har Tanghin. Tawfiƙ bai zo ba, bai aiko ba.

Kwana uku Zakiyya tana shanya warƙoƙi a kan tabarmi a sabon gidan, tana danne kowace da ɗan dutse. Wasu sun tsira. Wasu da yawa tawadar ta narke, shafin ya koma launin ruwan shayi, babu harafi ɗaya da zai karantu. Malam yakan zo ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama ya duba, ya mayar a hankali, ya wuce masallaci yana tari. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi. Gwaggo Dela kuwa ba ta bar komai a ciki ba.

"Ni dai na faɗa, a mayar musu da goronsu. Yaron da ya bar surukinsa cikin ruwa tun ba a ɗaura ba, in an ɗaura a ina zai bar matar? Ya ɗauko yaren Gana yana yi mana burga. Ke kuma kina zaune kina hawaye, a kan wa?"

"Yaya, a bi a hankali," in ji Hajjo. "Ba mu ji ta bakinsa ba."

"Bakin nasa ai shi ya kai mu nan."

A rana ta uku da hantsi Malam yana zaune shi kaɗai a gaban tabarmin, Zakiyya ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, akwai laifina a ciki."

"Ke kika hana motar zuwa?"

"A'a. Amma ranar da ka tambaye ni ma'anar kalmar nan, rabin gaskiya na faɗa maka. A littafi ma'anarta tabbas ne. A bakin samari kuwa ba ta da wannan nauyin, faɗarta kawai suke yi. Na san haka yake faɗarta a kan komai, na sha ji. Na so ka ga girmansa ne, shi ya sa na yi shiru. Da na faɗa maka, da ba ka sallami motar Alhaji ba."

Malam ya ajiye warƙar da ke hannunsa.

"Na tambaye ki ne don ke ce idona a wannan yaren," ya ce. "Wanda aka sa ya yi tafinta amana aka ba shi, Zakiyya. Tashi ki je."

Ta shiga ɗaki ta kifa kai a cinyar Hajjo, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, don gani take ko ido ba za ta sake iya haɗawa da mahaifinta ba.

Da la'asar ɗin ranar Tawfiƙ ya zo, a ƙasa, babu babur. Ta hango shi ta tagar ɗaki, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa a kan ƙasa bai hau tabarma ba.

"Baba Malam, ban zo da hujja ba. Ranar da na yi maka alkawari ban ma tambayi patron ba. Na ɗauka ba zai hana ni ba. Sai Laraba na tambaye shi, ya ce motar tana da lodin garin Bobo. Kunya ta hana ni zuwa in faɗa maka. Na ce bari in nemo wata, na yini Alhamis ina zagaya garejin unguwar Kossodo har ruwa ya sauko. Da na ji abin da ya faru kuma sai na kasa ɗaga ƙafa."

"Ranar Laraba har magariba motar Alhaji Aliyu tana ƙofar gidansa," in ji Malam. "Da ka zo ka ce mini ka kasa, da kunyar minti biyar za ka ji. Dubi nan."

Ya miƙa masa warƙa ɗaya. Tawfiƙ ya karɓa da hannu biyu, ya dubi shafin da babu komai a kansa sai dabbare, hawaye suka zubo masa.

Gwaggo Dela ta fito da ƙwaryar da aka kawo goron tambaya a ciki ta dire a gaban Malam. Malam ya dubi ƙwaryar, ya dubi yaron.

"Yaya, mayar da ita ɗaki. Ban ce an fasa ba, ban kuma ce ana nan ba. Kai kuma tashi ka tafi. Zance a ƙofar gidana babu, sai ranar da na neme ka."

Wata biyar aka yi a haka. Zakiyya ba ta aika masa ba, shi ma bai nemi ganinta a ɓoye ba. Ƙawayenta a lise suna ce mata ta manta da shi, Gwaggo Dela tana kawo sunayen 'ya'yan mutane tana jerawa a gabanta, ita dai sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da karatunta. Abin da ke riƙe da ita shi ne duk ranar da Tawfiƙ ya dawo daga tafiya, takan hango shi a can ƙarshen sahun masu ɗaukar karatu wurin Malam, ya zauna shiru, in an tashi ya naɗe tabarmi ya tafi. A wata na huɗu ya zo da wani ƙunshi. Ashe duk wucewarsa ta Kumasi sai ya tsaya a zangon can yana bin malamai ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wani tsoho mai irin littafin fiƙihun da ya fi lalacewa, ya roƙa aka yi masa fotokofi.

"Karatun ya dawo," in ji Malam da ya gama dubawa. "Hannun mahaifina kam ba zai dawo ba. Amma Allah ya yi maka albarka."

Bayan sati biyu Malam ya tsayar da shi bayan karatu, Zakiyya tana wanke-wanke a bayan zana tana ji.

"Ranar Juma'a Yaya Dela za ta koma gida da buhunan hatsinta. Za ka samo mana mota?"

Zakiyya ta kasa kunne. Ta tsaya da kwano a hannu.

"Ban sani ba tukuna, Baba Malam. Bari in tambayi patron gobe da safe. Kafin azahar zan zo in faɗa maka, ko an ba ni ko ba a ba ni ba."

Washegari ana saura kaɗan a kira azahar sai ga shi, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba a ba ni ba, Baba Malam. A nemi wata tun da sauran lokaci."

Malam ya yi dariya, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba tun barinsu Zongo. Ya ɗaga murya ya kira Hajjo.

"Ki shaida wa Yaya motarta ba ta samu ba. Ki kuma ce mata ta ɗaga tafiyar, don ita za ta raba goron sa rana."

Gwaggo Dela ta yi 'yan gunaguni, amma ita ce ta fi kowa rawar kai a bikin, wanda aka yi sati uku bayan Zakiyya ta ci jarrabawarta. Ranar da za a kai ta, ta durƙusa gaban mahaifinta, sai ya dafa kanta ya ce ya daɗe da yafe mata, tun ranar da ta zo da ƙafarta ta faɗi abin da babu wanda ya sani sai ita.

'Yan uwana matasa, kowane yare yana da kalmar tabbatarwa, kuma ba a yi ta don ado ba. Mu muna jefa ta don daɗin baki, amma wanda ya ji yana iya sallamar motar maƙwabcinsa ya cire rufin ɗakinsa saboda ita. In ba ka tabbata ba ka ce ba ka sani ba, in ka kasa ka zo da wuri ka faɗa. Wanda kake so ma kada ka rufa masa asiri da rabin gaskiya, don ranar da abin ya fashe ku biyu za ku sunkuyar da kai.