Rediyon da Jatau Ya Hura

Ku matso kusa, a rage fitilar nan. A wani gari, sunansa dai ya kuɓuce mini, akwai gidan adana tsofaffin rediyoyi da na'urorin tauraron ɗan'adam na farko. A tsakar gidan an kafa ƙaton faifai mai kallon sama, daidai inda aka sare wata tsamiya.

Jatau ne mai shara a wurin, kuma shi ne ladanin unguwarsu. Ba abin da yake taƙama da shi kamar muryarsa. Ranar da ya kama aiki, tsohuwar da ya gada ta ce masa, "Ɗan nan, kafin ka taɓa akwati ka ce gafara dai. Ƙura kuwa da tsumma ake sharewa, ba a hurawa."

Ya yi dariya. "Iya, katako zan nemi izininsa?"

Wata magariba ya makara. Saura rediyo ɗaya bai share ba, baƙi, mai kwalabe a ciki, ba waya ba batir. Ya buɗe bayansa, ya cika baki, ya hura.

Sai ya ji shuuu, irin ta neman tasha.

Wani dogon mutum na tsaye a bakin ƙofa. Ba sallama.

"An tashi, Malam," in ji Jatau. "Sai gobe."

"Kai ne mai iskar baki."

Maganar ta riga fita, sannan leɓɓan mutumin suka motsa. Kuma ba daga bakinsa ta fito ba. Daga akwatin ne.

"Kun sare mana gida, muka yi shiru. Muka shige nan, muka takure. Yau ka cika wa jikata ido da ƙura."

"Ban sani ba, Baba. A yi haƙuri."

"An faɗa maka. Dariya ka yi."

Jatau ya buɗe baki zai nemi tsari. Mutumin bai ɗaga ƙafa ba. Hannunsa ne ya miƙe tun daga ƙofa har ƙuryar ɗaki, ya murɗa maɓallin rediyon. Ƙas! Muryar Jatau ta ɗauke.

Ya fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

Da asuba unguwa ta yi ta jiran kiran salla. Jatau na tsaye a ƙofar masallaci, yatsu a kunne, baki buɗe, ko tari ba ya fita.

Muryar tana can. Maigadin gidan ya ce kowace magariba yana jin ta cikin baƙin akwatin, ta dishe, tana cewa, "Gafara dai. Gafara dai."

Ba a amsa mata ba har yau. In kun je kallo, kada ɗayanku ya shiga ɗakin nan shi kaɗai.